Ra'ayinmu: Maganin Zafin Ciwo Ya Cika Titi, Ya Ɓace A Gadon Majinyaci

Duk wanda ya taɓa ratsa tsohon garin Sakkwato da hantsi, ya bi ta unguwar Hubbare inda kabarin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo yake tun rasuwarsa a 1817, ya san irin jama'ar da ke taruwa a wurin. Baƙi ne daga Katsina da Kano da Zazzau, wasu daga Maraɗi da Tawa a Jamhuriyar Nijar. Inda duk jama'a suka taru kuwa, masu talla ba sa rasa zuwa. A titunan da suka nufi kasuwa da tasha za ka gamu da mai goro da mai turare, za ka kuma gamu da yaro ɗauke da faranti cike da ƙwayoyin magani ja da fari da rawaya, rana tana dukansu tun safe. Wannan ba abin Sakkwato kaɗai ba ne. Haka yake a Zuru da Zariya da Kafanchan da Jos. Mun ɗauki birnin Shehu misali ne domin a nan wasu 'yan'uwanmu suke zaune suna neman abinci, kuma ciwo ba ya tambayar addinin mutum kafin ya kama shi.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan mako shi ne wani abin al'ajabi da masu bincike suka daɗe suna nunawa. Maganin kashe zafin ciwo mai ƙarfi yana hannun matashin da lafiyarsa lau, wanda yake sha domin maye ko domin ya yi aikin ƙarfi ba gajiya. Amma dattijuwar da ciwon daji ya ci ƙirjinta, wadda dominta aka yi maganin, ita ce take kwana tana kuka ba ta samu ba. Kowane fasto da kowace shugabar Zumuntar Mata da ke zuwa gai da marasa lafiya sun ga wannan da idonsu. Mukan yi addu'a, mu ce sannu, mu fito jikinmu a sanyaye. Lokaci ya yi da za mu tambayi kanmu ko haka abin ya kamata ya kasance.

Bari mu fara da tuna yadda dokokin magani suka samo asali a ƙasar nan, domin kusan kowacce a bayan gawa aka yi ta. A tsakanin watan Yuni da Satumba na 1990, yara 47 suka mutu a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos bayan sun sha maganin zazzaɓi na ruwa, wato farasitamol, wanda aka haɗa da wani sinadari mai guba da ake kira dayetilin gilaikol. Sinadari ne na masana'antu, irin wanda ake sa wa man birki, kuma yana lalata ƙoda. Likitocin da suka yi jinyar yaran sun rubuta abin da suka gani, aka buga a 1992. Idan aka haɗa da na Ibadan, yaran da suka rasu a wannan shekara sun haura ɗari. Bayan wannan masifa ne Gwamnatin Soja ta kafa hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, wato NAFDAC, da Doka mai lamba 15 ta 1993. Kafin nan an kafa hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, NDLEA, da Doka mai lamba 48 ta 1989, sannan majalisar masana harhaɗa magunguna da Doka mai lamba 91 ta 1992, wadda aka sake wa fasali da sabuwar doka a 2022.

Dokoki dai ga su nan a rubuce, amma masifa ba ta tsaya ba. A 1995, lokacin annobar sanƙarau a Jamhuriyar Nijar, an yi wa dubban mutane allurar rigakafi ta jabu wadda ba ta da amfanin komai. A ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009, maganin fitar haƙori mai suna My Pikin ya kashe yara 84 a Nijeriya, kuma guba ɗaya ce da ta Jos. A 2022 ita ce dai ta sake kashe yara kimanin 70 a ƙasar Gambiya ta hanyar maganin tari. Marigayiya Dora Akunyili, wadda ta shugabanci NAFDAC daga 2001 zuwa 2008, ta yi yaƙi da 'yan jabu har suka nemi ranta, kuma ƙasa ba za ta manta da ita ba. Duk da haka, a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa, ɗaya cikin kowane magani goma jabu ne ko kuma bai kai ingancin da aka rubuta a jikinsa ba. Ko maganin gaskiya ma, yawanci an rubuta a kwalinsa cewa kada zafin wurin ajiyarsa ya wuce maki 30. A Sakkwato kuwa, a watannin Maris da Afrilu da Mayu, zafi yakan haura maki 40. To, mai karatu ya auna da kansa abin da ya rage a ƙwayar da ta yini a kan faranti.

Sai kuma batun maye. A ƙarshen Afrilu na 2018 gidan rediyon BBC ya nuna wani fim a kan yadda maganin tari mai kodin yake lalata matasa, musamman a Kano. Ba a jima ba Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da shi da kuma yin sa. A farkon 2019 aka fito da sakamakon babban binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Binciken ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun sha wani abin maye a cikin shekara guda. Daga cikinsu miliyan 4.6 magungunan kashe ciwo irin su tiramadol suka sha ba da izinin likita ba, miliyan 2.4 kuma maganin tari. Ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. Tiramadol da hukuma ta amince da shi na yau da kullum mai nauyin miligiram 50 ne ko 100, amma wanda ake kamawa a tashoshin jiragen ruwa da kan iyaka yakan kai 200 ko 225. Kada wani ya ce wannan matsalar 'ya'yan wasu ce. Akwai yaran da suka tashi a makarantar Lahadi, suka yi waƙa a ƙungiyar mawaƙa, waɗanda yau iyayensu ba sa iya ɗaga kai a majami'a saboda su.

Wannan rabin labarin kowa ya san shi, domin shi ne jaridu suke bugawa. Ɗaya rabin shi ne ba a faɗa. A watan Oktoba na 2017 wani kwamitin masana da mujallar likitoci ta Lancet ta kafa, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Felicia Knaul, ya fito da rahoto a kan yadda ake samun maganin zafin ciwo a duniya. Sun gano cewa mutum sama da miliyan 61 ne ke fama da azabar ciwo mai tsanani a kowace shekara, kuma rabin mutanen duniya da suka fi talauci ba sa samun ko kashi 1 cikin 100 na mofin da danginsa da ake rabawa. A lissafin da suka yi a lokacin, abin da ya kai ga kowane majinyaci mai bukata a Nijeriya bai cika miligiram ɗaya ba a shekara. Domin mai karatu ya gane, babban mutum mai ciwo mai tsanani akan fara ba shi miligiram 5 zuwa 10 ne, kuma duk bayan awa huɗu. Ke nan abin da ƙasa ta tanada masa na shekara bai kai shan lokaci ɗaya ba.

Su wane ne waɗannan masu bukata? Mai ciwon daji da ya zo asibiti a makare, kamar yadda yawancin mutanenmu suke zuwa. Wanda wuta ta ƙona. Wanda aka yi wa tiyata. Wanda ya yi hatsari a hanyar Gusau ko ta Birnin Kabi. Sai kuma masu ciwon sikila, wato amosanin jini, wanda Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu shi, inda ake ƙiyasta haihuwar jarirai kimanin 150,000 da shi a kowace shekara. Duk uwar da ta yi jinyar ɗa mai sikila a daren hunturu ta san irin ihun da yake yi idan ciwon ƙashi ya tashi. Sau da yawa irin wannan yaro in ya girma ya san sunan maganin da ke yi masa aiki, sai a riƙa yi masa kallon ɗan ƙwaya, ya koma gida ya nemi allura a ɓoye, daga nan kuma ya faɗa cikin abin da ake zarginsa da shi tun farko.

Me ya kawo haka? Mofin ba shi da tsada, an kuma san shi fiye da shekara ɗari biyu. Yarjejeniyar duniya ta 1961 a kan magunguna masu sa maye, wadda Nijeriya take ciki, ta ɗora wa kowace ƙasa nauyi biyu: ta hana su faɗawa hannun da bai dace ba, ta kuma tabbatar marasa lafiya sun same su. Kowace shekara ƙasa takan aika wa hukumar da ke birnin Biyana ƙiyasin abin da take bukata. Idan asibitoci ba su nema ba, ƙiyasi yakan yi ƙasa, in ƙiyasi ya yi ƙasa kuma ba a shigo da isasshe, likita ya saba da rashinsa har ya daina rubutawa. Shekaru da yawa ma'aikatar lafiya ta Tarayya ce kaɗai ke shigo da shi, tana ajiyewa a babban ɗakin ajiyarta da ke Oshodi a Legas, ta yadda sai ma'aikaci ya niƙi gari daga Arewa da takardu kafin ya karɓo. Ga tsoron kuskure a littafin rajista, ga tsoron zargi, ga ƙarancin koyar da wannan fanni a makarantun likita da na jinya. Tiramadol kuwa ba ya cikin jerin magungunan da yarjejeniyoyin duniya suka ɗaure, shi ya sa fataucinsa tsakanin ƙasashe ya yi sauƙi. Doka ta ɗaure mai bin doka tamau, ta bar wanda ba ruwansa da ita yana cin karensa ba babbaka.

Mun san akwai masu cewa a bar ƙofar a rufe, domin in aka buɗe ta ambaliya za a yi. Tsoronsu yana da tushe. A Amurka, tun daga 1996 kamfanoni suka riƙa tallata irin waɗannan magunguna ga likitoci suna rage girman haɗarinsu, har ta kai a 2021 mutum sama da 100,000 suka mutu a ƙasar sakamakon shan ƙwaya fiye da kima, akasarinsu ta dangin waɗannan magunguna. Ba ma fatan ganin haka a nan. Amma kada garin gyaran gira a rasa ido. Abin da ya faru a Amurka kwaɗayin riba ne ya jawo shi. Ga wani misali kusa da mu. A 1993 wata likita mai suna Anne Merriman, wadda ta yi shekaru tana aiki a asibitocin mishan na Katolika a Nijeriya, ta kafa gidan kula da masu ciwon ajali a ƙasar Yuganda. Ta nuna cewa ana iya dama garin mofin da ruwa a zuba a kwalba, a ba majinyaci ya riƙa sha a gidansa bisa awo. A 2004 gwamnatin Yuganda ta gyara dokarta, ta ba ma'aikatan jinya da suka sami horo na musamman izinin rubuta shi, domin likitoci ba su kai ƙauye ba. Yuganda ba ta fi mu arziki ba. Abin da ta fi mu shi ne ta yarda cewa kukan majinyaci abin kunya ne ga ƙasa.

A nan gida ma ba a zauna kawai ba. Farfesa Olaitan Soyannwo da abokan aikinta a Ibadan sun daɗe suna wannan gwagwarmaya, kuma a 2017 Gwamnatin Tarayya ta fito da manufar ƙasa a kan magungunan da ake sa wa ido. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa hanya mai hawa uku: a fara da ƙaramin magani, in bai yi ba a hau na tsakiya, in ciwo ya yi tsanani a ba da mai ƙarfi, ta baki, a kan lokaci, ba sai majinyaci ya yi kururuwa ba. Ilmin yana nan. Abin da ya rage shi ne ya sauka daga takarda ya isa gadon talaka a Ilela da Tambuwal.

Yanzu bari mu juyo kanmu, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Akwai koyarwar da ta shigo wasu majami'unmu, wadda ke nuna shan magani rashin bangaskiya ne. Mun ji labarin waɗanda aka sa suka zubar da maganinsu bayan taron addu'a, aka kuma yi jana'izarsu ba da daɗewa ba. Wannan koyarwa ba daga Littafi Mai Tsarki take ba. Luka da ya rubuta Bishara likita ne. Annabi Ishaya, bayan ya isar wa sarki Hezekiya da alkawarin warkarwa, ya sa an ɗora masa curin ɓaure a kan marurunsa. Basamariyen da Ubangijinmu Yesu ya ba da misali da shi bai tsaya ga tausayi ba, ya wanke raunuka, ya ɗaure, ya biya kuɗin jinya. Akwai kuma masu cewa Kirista na ƙwarai shi ne mai cije haƙori, wai azaba tana tsarkake mutum. Haƙuri a cikin wahalar da ba makawa abu ne mai daraja. Amma barin ɗan'uwa cikin azabar da kwalba ɗaya za ta kawar, wannan sakaci ne, ko da an lulluɓe shi da sunan ibada. Cicely Saunders, Kiristar da ta kafa gidan St Christopher's a Landan a 1967, ta koyar da cewa ciwon mai mutuwa ya haɗa jiki da zuciya da iyali da ruhu. Mutumin da zafi ya hana shi barci ba ya iya addu'a da natsuwa, ba ya iya yin sallama da 'ya'yansa.

Akwai wata magana mai ɗaci da dole mu faɗa. A garuruwan Arewa da yawa, wani kaso na masu kemis 'yan majami'unmu ne, wasu ma dattawan ikkilisiya. Yawancinsu mutanen kirki ne da ke taimakon unguwa dare da rana. Amma lasisin mai kemis bai ba shi izinin sayar da tiramadol ko yin allura ko haɗa wa mutum ƙwayoyi biyar a ƙulla a leda ba. Wanda ya sayar wa ɗan maƙwabcinsa abin da ya san zai lalata shi, ya kawo zakkar ribar ranar Lahadi, ya sani Allah ba ya karɓar baikon da aka samo da hawayen wata uwa. Ya kamata fastoci su faɗi wannan a kan bagade ba tare da tsoron wanda ya fi ba da gudummawa ba.

Saboda haka muna kira kamar haka. Na farko, ga Gwamnatin Tarayya da ma'aikatun lafiya na jihohi, musamman Sakkwato da Kabi da Zamfara: a tabbatar akwai mofin na sha a kowane babban asibiti, a kusanto da wurin ajiyarsa, a horar da likitoci da ma'aikatan jinya da masana harhaɗa magunguna, a kuma duba hanyar da Yuganda ta bi. Na biyu, ga NAFDAC da NDLEA da majalisar masana harhaɗa magunguna: kama yaro mai faranti ba ya rage komai muddin dillalin da ya ba shi kaya yana zaune lafiya. A bi kayan har inda suka fito. Na uku, ga malamanmu na Jami'ar Usmanu Ɗan Fodiyo da asibitin koyarwarta: a ƙirga mana marasa lafiyar da ke bukatar wannan magani a yankin nan, a kuma fassara sakamakon bincike da Hausa a karanta a rediyo. Wannan gari yana da gadon rubutu a kan lafiya, domin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubuce-rubuce a kan ciwon ido da basir da amfanin filasko.

Na huɗu, ga asibitoci da ɗakunan shan magani na ikkilisiya: ƙungiyar lafiya ta Kiristocin Nijeriya, wato CHAN, wadda aka kafa a 1973, tana da sashen samar da magani a Jos. A sayi magani ta hanyar da aka san asalinta, ko da ya fi tsada, domin araha ba ta ado. A tura aƙalla ma'aikaci ɗaya ya koyi kula da masu ciwon ajali. Na biyar, ga iyaye: a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kowane magani. In akwai wurin kankarewa a kwali, a kankare a aika lambar ta waya, tsarin da aka fara tun 2010. Kada a sayi ƙwaya tsirara ba kwali. Kada babba ya sha farasitamol mai miligiram 500 fiye da ƙwaya takwas a yini, domin yana lalata hanta. Magungunan ciwon jiki irin su dikilofenak, in aka dawwama a kansu, suna kawo gyambon ciki da ciwon ƙoda. Yaron da ya sha maganin ruwa ya daina fitsari, a garzaya da shi asibiti tare da kwalbar. Wanda kuma ɗansa ya faɗa shaye-shaye, kada ya ɗaure shi a ɗaki don gudun abin kunya. Akwai Asibitin Tarayya na masu larurar ƙwaƙwalwa a Kware, kusa da Sakkwato, kuma zuwa can ba zunubi ba ne.

Daga ƙarshe, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mun ga yadda sarakunan Arewa ƙarƙashin jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar suka tsaya a kan rigakafin shan inna, har a watan Agusta na 2020 aka tabbatar Nijeriya ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Abin da aka yi wa shan inna ana iya yi wa wannan. Muna roƙon bishof-bishof da shugabannin ɗariƙunmu su nemi zama da sarakuna da malamai da masu unguwanni, tun daga Hubbare har unguwannin baƙi, domin ɗan da ƙwaya ta lalata da tsohuwar da ke nishi a kan tabarma na kowa ne. Mu kuma a ziyararmu ta gaba, bayan addu'a, mu tambayi majinyaci ko yana samun barci, mu kuma raka iyalinsa wurin likita su tambaya cikin ladabi ko akwai abin da za a ba shi. Ubangiji ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba shugabanninmu zuciyar jinƙai. Amin.